Kantin da Ya Zama Gidan Tarihi Sau Biyu

Ana idar da sallar asuba muka sauko daga benenmu na Wangsa Maju, mu uku: ni, da maigidan, da ƙanwarsa mai karatu a wata kwaleji a Bukit Jalil. Ta kwana a wurinmu ne don kada ta makara, kuma duk da haka ita muka tsaya jira a cikin mota tana neman cajar waya. Wannan ce fitarmu ta farko daga Kuala Lumpur tun da aka ɗage dokar hana tsallaka jiha ga waɗanda suka kammala allurar rigakafin korona. Motar haya ce muka karɓo tun jajibiri, ƙarama, tana ƙamshin maganin feshi kamar ɗakin asibiti.

Masu tambayata a saƙo me ya kai mu ƙauye, ga dalilin. Wata abokiyar karatuna a Jalan Semarak, 'yar ƙabilar Malay, ita ta ba ni labarin wani tsohon kanti a ƙauyen kakanninta, can bayan garin Bentong a jihar Pahang, wanda aka mayar da shi gidan tarihi. Ta ce kada in sa rai da yawa, ɗaki ne guda da tsofaffin gwangwanaye, ita ma rabonta da wurin tun kafin annoba. Mutumin da ya shafe watanni yana kallon bangon falo da tulin takardun bincike, ko gwangwani aka ce ya zo ya gani zai sa takalmi.

Daga gidanmu zuwa wurin biyan kuɗin hanya na Gombak babu nisa. Muna wuce shi titi ya fara hawa, yana lanƙwasa tsakanin duwatsu masu daji shar, gajimare ya sauko har kan kwalta. A gefen hanya akwai ragowar shingen 'yan sanda, an ture gangunan gefe, rumfar tana nan babu kowa a ciki sai birai biyu a kan tebur. Maigidan ya ce waɗannan ma sai an nuna musu katin allura. Muka ratsa ramin da aka fasa a cikin dutse, muka fito ta ɗaya gefen, allo ya ce mun shiga Pahang. Ƙanwar maigidan ba ta ga ko ɗaya ba, barci take.

A Bentong muka karya, a wani shagon mamak, wato Indiyawa Musulmi masu sayar da abinci. Kafin ka zauna sai ka ɗauki hoton lambar da aka manna a ƙofa da wayarka, a haska maka na'urar auna zafi a goshi, sannan a nuna maka teburin da aka yi wa alamar inda za ka zauna da inda ba za ka zauna ba. Roti muka ci, wata irin gurasa mai laushi, da romon wake, da shayin madara mai kumfa. Kuɗin bai kai rabin abin da muke biya a Wangsa Maju ba, shayin kuma ya fi kauri. Garin ya shahara da citta, ga ta nan tuli-tuli a bakin kasuwa, fara, mai yaji. Na saya da yawa. Abin da na fi lura da shi shi ne yawan shagunan da ke rufe, kusan kowane layi da takardar neman mai haya manne a ƙofar ƙarfe, wasu har rana ta cinye rubutun.

Bayan Bentong hanya ta tsuke. Gonakin kwakwar manja, sai na roba, sai na durian, ɗan itacen nan mai ƙaya da warinsa ke raba abokai. Sau biyu taswirar waya ta kai mu ƙofar gonar wani, har sai da muka tambayi wata mata mai babur, ta ce mu bi ta.

Ƙauyen titi ɗaya ne. Ƙaramin masallaci a wannan ƙarshen, ɗakin bautar 'yan Sin mai jan fenti a wancan, a tsakani kuma jerin shagunan katako masu bene, yawancinsu a rufe. Kantin da muka zo nema yana tsakiya, da baƙin allo a saman ƙofa mai rubutun Sin na ruwan zinare. A gabansa wata farar mota ce mai lambar Kuala Lumpur, an buɗe bayanta, wani mutum da zai kai arba'in da wani abu yana cusa kwali. Ya dube mu ta saman takunkumi, ya ce da Turanci, a gajarce, "Yau a rufe yake."

Har mun juya sai wata murya ta fito daga ciki, tana cewa da Malay an yarda. "Boleh, boleh! Su shigo lah. Daga nesa suke, ba ka ga fuskarsu ba?"

Tsohuwa ce 'yar Sin, gajeriya, gashinta fari fat an yanke shi daidai kunne, tana zaune a kan kujerar katako bayan kanta. A ƙasar nan duk macen da ta girme ka Anti ake ce mata, don haka Anti muka kira ta. Mai lodin kwalin ɗanta ne. Ya ci gaba da aikinsa.

Cikin kantin duhu-duhu, da sanyin tsohon katako, da ƙamshin busasshen kifi da sabulu wanda ya riga ya shige bango. Kantoci har rufi. Manyan kwalaben alawa masu jan murfi, fitilun ƙwai a rataye, dutsen guga na gawayi, takalman katako, sandunan sabulun wanki da wayar da ake yanka su da ita, gwangwanayen biskit da tsatsa ta ci hotunansu. Akwai firji mai aiki da kananzir, da rediyo mai girman akwatin lefe. Kowane abu da ƙaramin kati a gabansa, an rubuta sunansa da Malay da Turanci. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne a tsakanin waɗannan tsofaffin kaya akwai sababbi: buhun shinkafa a buɗe, ledojin man girki, sukari, kiret ɗin ƙwai. Jar igiyar da ake tare baƙi da ita a gidajen tarihi kuwa an naɗe ta an rataye a ƙusa.

Anti ta ga inda idona ya tsaya, ta ce in zauna, labarin daga farko ake fara shi. Turancinta haɗe yake da Malay, inda na ɓace ƙanwar maigidan ta fassara mini, don ita ta fi mu jin yaren.

Kakan mijinta ne ya kafa kantin. Ya zo daga kudancin Sin a jirgin ruwa yana saurayi, ya yi haƙar kuza har ƙirjinsa ya gaza, sai ya koma yawon talla a keke, allura da zare da gishiri da busasshen kifi, yana bin gonakin roba. Inda ya fi tsayawa ya huta, a nan ya kafa rumfa, rumfa ta zama wannan ginin. Lokacin da sojojin Japan suka mamaye ƙasar, kantocin nan wayam suka yi, mutane rogo suka dinga ci safe da yamma, amma tsohon bai daina buɗe ƙofa ba, ko babu abin sayarwa. Bayan nan aka shiga yaƙin daji da 'yan tawaye, hukuma ta sa ido a kan abinci don kada ya kai gare su. Anti ta ɗauko wani ƙarfe mai tsini daga kanta ta nuna mana. Duk gwangwanin kifi ko madara da aka saya, sai mai kanti ya huda shi a gaban mai saye, don dole a ci a ranar, ba zai ajiyu a daji ba. Ta ce surukinta har ya mutu bai daina jin kunyar wannan hudawar ba, don ya san yawancin masu sayen 'ya'yansu kawai za su ciyar.

Ita an kawo ta gidan ne tana 'yar shekara ashirin da 'yan kai, a zamanin da roba ke da daraja. A lokacin, in ji ta, nan ne ƙauyen yake haɗuwa. Malay da 'yan Sin da Indiyawa masu tsagar roba, kowa da yamma yana kan bencin ƙofa ana sauraren rediyo. Wanda maciji ya sara nan ake fara kawo shi, don nan ne kaɗai ake da mota. Daga baya aka yi sabon titi, aka buɗe babban kantin zamani a gari, yara suka tafi birni ba su dawo ba. Ciniki ya dinga raguwa har ya zama wata rana alawa kawai za a sayar. Ita da mijinta, wanda take kira Ankul kamar yadda kowa ke kiransa, suka yanke shawarar rufewa. Sai kwamitin ƙauye ya roƙe su kada a taɓa komai, a bar shi yadda yake don 'yan makaranta su dinga zuwa gani. Aka kawo igiya da katuna, aka ba Ankul kujera a bakin ƙofa ya zama mai yi wa baƙi bayani.

"Shekaru yana zaune a nan," in ji Anti, "yana gaya wa yara wannan sikeli ne, da shi ake awo. Mutumin da ya yi awo tun yana ɗan firamare."

Da aka sa dokar kulle, motar haya ta daina shigowa ƙauyen, aka kafa shinge a mararraba. Yawancin waɗanda suka rage a nan tsofaffi ne, ba mota, ba su iya sayayya ta waya ba, 'ya'yansu kuma suna can wata jiha an hana su tsallakowa. Wata safiya Ankul ya tashi ya kwance igiyar, ya kira ɗan dilan da ke kawo wa mahaifinsa kaya a da, ya ce a kawo shinkafa da mai da sukari. Ya goge tsohon sikelin ya ɗora shi a kan kanta. Kwamiti ya yi ɗan ƙorafi a kan kayan tarihi, amma shugaban kwamitin ma a nan ya dinga sayen ƙwai. Da abin ya tsananta, mutane suka fara rataya farin ƙyalle a ƙofa alamar babu abinci a gidan, Ankul ya fitar da tebur waje ya dinga jera ƙullin shinkafa a kai da sassafe, ya koma ciki ya juya baya don kada ya ga wanda ya ɗauka.

Tana cikin wannan bayani wani dattijo ya shigo, da zane ɗaure a ƙugu da farar hula, yana dogara sanda. Ganin hijabinmu ya yi mana sallama, ya tambayi ƙasarmu, da muka ce Nijeriya ya jinjina kai ya ce ya taɓa zama kusa da mutanenmu a Mina. Pakcik ake ce masa, wato kawu, gidansa na bayan kantin. Sukari ya zo saya. Anti ta miƙe, ta ɗebo, ta zuba a sikeli, ta matsar da ƙarfen awo da ɗan yatsa ba tare da ta duba ba, ta ƙulle masa a takarda.

Shi Pakcik ne ya ƙarasa mana abin da ita ta tsallake. A tsakiyar shekarar da cutar ta fi zafi Ankul ya kwanta da zazzaɓi. Motar asibiti ta zo ta ɗauke shi, masu fararen kaya suka hana kowa matsowa. Bai dawo ba. Anti ba ta ga gawarsa ba, tana killace a saman benen nan ita kaɗai, matar Pakcik ce ke ɗaura mata abinci a igiya tana ja ta taga. Ɗan kuma yana Kuala Lumpur, tafiyar da ba ta kai rabin yini ba, amma kafin takardar izinin tsallaka jiha ta fito an gama komai. Da kwanakin killacewa suka cika, Anti ta sauko ta buɗe kanti.

Ɗan ya shigo ɗaukar wani kwali, ya ji ƙarshen maganar. Ya ajiye kwalin. Da mu yake magana, amma uwarsa yake kallo.

"Na ce masa kada ya buɗe. Kullum sai na kira shi na faɗa. Mutum mai ciwon sukari, yana karɓar kuɗi daga hannun kowa. Kantin nan ne ya kashe shi."

Anti ba ta ɗaga murya ba. "Cuta ce ta kashe shi. Kai ba ka gan shi ba a watannin nan. Da asuba yake tashi yana waƙa. Tun da aka ɗaura igiyar can ban ƙara jin waƙarsa ba sai lokacin."

"Waƙa," in ji ɗan. Ya ɗauki kwalinsa ya fita.

Maigidan ya dinga karanta katin da ke gaban fitilar ƙwai kamar bai taɓa ganin fitila ba. Sai Anti ta gaya mana, kamar mai faɗin farashin gishiri, cewa yau za ta bi ɗanta birni. Ta faɗi a matattakala a watan jiya, ta daɗe a ƙasa kafin Pakcik ya ji kiranta. Idonta ɗaya yana buƙatar aiki. Buhu kuma ya fi ƙarfinta. Yanzu an buɗe hanya, motar haya ta dawo, mutane sun koma babban kanti, kuma ba ta ga laifinsu ba, can ya fi araha. Kwamiti zai karɓi wurin ya mayar da igiya.

A wani lungu na hango jerin farantai da kwanonin sha masu fenti, fari da jan fure da shuɗin baki, irin waɗanda kakata ta jera a bangon ɗakinta a Kano, har da fanteka mai murfi. Na tsaya a kansu na daɗe. Na tambayi Anti ko za ta sayar mini da guda. Ta yi dariya a karo na farko.

"Wannan mai kati ne. Duk abin da ke da kati na kwamiti ne yanzu. Kayan aurena ne, amma ni ma sai dai in kalla. Ki sayi sukari."

Na sayi sukari.

Muka bar su muka tafi masallaci muka yi azahar. Pakcik ya nuna mana rumfar wata mata a bakin kogi, inda muka ci shinkafa da kifin ruwa a cikin miyar da ake yi da durian da aka tsima. Ɗanɗanon yana tsakanin tsami da daddawa. Ni na cinye, ƙanwar maigidan ta ɗauki hoto ta ture kwano, maigidan kuwa ya ci loma biyu ya ce a yi masa tapau, wato a ƙulle masa ya tafi da shi, abin da yake faɗa ke nan duk lokacin da ba ya son ɓata wa mai abinci rai.

Da muka dawo ɗaukar mota mun tarar ana kwashe sababbin kayan. Shinkafa da mai da ƙwai, Anti ta ce a raba biyu, rabi masallaci, rabi ɗakin bauta, su san gidajen da za su kai. Maigidan ya kama musu buhu. Mata uku ko huɗu sun fito suna tsaye nesa-nesa da juna, kowa da takunkumi, ba mai iya rungumar wani. Anti ta shiga farar motar, matar Pakcik ta miƙa mata ƙullin abinci ta taga.

Ƙofar kantin ba irin tamu ba ce, falankai ne dogaye da ake zurawa ɗaya bayan ɗaya a cikin wani kwari da aka sassaƙa a ƙasa da sama, kowanne da gurbinsa. Ɗan ya fara zurawa, na uku ya ƙi shiga. Ya juya shi, ya buga da tafin hannu, ya ƙi. Anti ta fito daga mota ta ce ba nasa wurin ba ne, wancan mai tabon ne. Ya ɗauko mai tabon, ya shige sumul. Daga nan ita ke nunawa shi yana zurawa, ba sa kallon juna, har aka zo na ƙarshe. A nan ya tsaya, ya jingina goshinsa da katakon. Ta ɗora hannu a bayansa ta bar shi a wurin. Mu muka shiga motarmu.

Hanyar fita ɗaya ce, don haka muna bayansu har Bentong. Ina hango farin kanta ta gilashin baya, tsakanin kwalaye. Ba ta waiwaya ba ko sau ɗaya. A babban titi ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya, motoci suka cushe a hawan dutse, duk mutanen birni da aka saki a mako guda suna komawa gida. A cikin cunkoson farar motar ta ɓace mana. Mun iso Wangsa Maju ana kiran magariba, muka sauke ƙanwar maigidan a tashar jirgin ƙasa ta kama hanyar Bukit Jalil.

Abin da na taho da shi daga wannan tafiya ba shi da yawa. Na sha shiga gidajen tarihi ina wuce kayan da ke bayan igiya ina karanta kati, ban taɓa kawo wa raina cewa mai kayan yana iya kasancewa da rai ba, yana zaune a bakin ƙofa, kuma da za a ba shi zaɓi aiki zai ci gaba da yi da su. Kantin nan ya yi wa ƙauyensa amfani sau biyu, kuma sau biyu ana gama buƙatarsa aka ajiye shi. Ban ga wanda zan ɗora wa laifi ba. Ɗan yana da gaskiya, uwar ma tana da ita, kuma a mota ɗaya suka tafi.

Wanda ke son zuwa, abokiyar karatuna ta ce kwamiti zai dinga buɗewa ranakun Asabar da Lahadi. Ku tafi da wuri saboda ruwan yamma, ku sayi citta a Bentong. Za ku ga sikelin da kati a gabansa. Katin bai faɗa ba, amma ranar Asabar ɗin da ta wuce, ranar da muka je, an yi awo da shi.